Amsa ga ɗan'uwan da yake sauke jirgin ruwa daga tirela shi kaɗai

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka, inda ka ce yaron da yake taya ka sauke jirgi ya koma makaranta, yanzu kai kaɗai kake zuwa bakin ruwa da jirgin faiba a bayan mota, kuma abubuwa biyu ne suke hana ka sukuni: kada jirgin ya sulale ya bi iska alhali kana cikin mota, kuma kada motar da kanta ta gangara cikin ruwa alhali kana wajen jirgi. Wallahi na san wannan fargabar, domin da ita nake kwana a lokacin da na fara, kuma har yanzu ba na isa gangaren dam ɗin Tiga ba tare da gabana ya faɗi ba. Sai dai ina so hankalinka ya kwanta, saboda mutum ɗaya yana iya wannan aikin lafiya ƙalau, kuma ni da gangan nake sauke nawa ni kaɗai ko da mutane suna tsaye suna neman a ba su aikin.

Dalilina shi ne abin da ya same ni wata safiya da rani, lokacin da ruwan dam ɗin ya ja baya sosai saboda sakin da ake yi wa gonakin Kadawa da Kura, har gangaren duwatsun da muke bi ya yi tsawo fiye da yadda aka saba. Tirelata mai rola ce, kuma ka san jirgin da yake kan rola babu abin da ke riƙe da shi idan an kwance bel ɗin baya, in ban da ƙugiyar winci, wato na'urar da ake juyawa da hannu a jawo jirgi kan tirela, da sarƙar goshin jirgin. Na tsaya a sama na gama shirina, sai ga wani mutum daga cikin masu zama a wurin ya zo ya ce zai taya ni. Na yi masa godiya, na ce masa abin da nake so kawai shi ne ya tsaya inda zan gan shi a madubi ya riƙa nuna mini hanya, kada ya taɓa komai a jikin tirelar. Da bakina na faɗa masa, kuma ya amsa da cewa ya ji. Ina shiga mota sai ya zagaya inda madubi ba ya kaiwa ya zare sarƙar, ya kuma cire ƙugiyar, wai don kada mu ɓata lokaci a ƙasa, sannan ya dawo yana buga jikin mota yana cewa in taho, in taho.

Ban yi nisa a gangaren ba na ga wani yaro ya ɗebo ruwa yana hawowa ta gefen tirelar, sai na taka birki. Motar ta tsaya, tirelar ta tsaya, jirgin kuwa bai tsaya ba. Ƙarar da na ji a wannan lokacin ba ta fita daga kunnena ba har yau, ƙarar faiba tana gurzar dutse, sannan ƙafar inji ta daki ƙasa da dukan nauyin jirgin a kanta. Injin Yamaha ne mai ƙarfin doki 40, wanda shi kaɗai ya haura kilo 70, kuma ban gama biyan bashinsa ba a lokacin. Farfela ta lanƙwashe, fiffiken da ke ƙarƙashinta ya karye, allon bayan jirgin da ake ɗaure inji ya tsage daga sama har kusa da ramin zubar da ruwa. Wannan duk dukiya ce, ana iya mayar da ita. Abin da ya sa ƙafafuwana suka kasa ɗaukata da na fito shi ne ganin bokitin yaron a murƙushe a ƙarƙashin jirgin, shi kuma yana zaune a gefe yana kuka, domin tsakaninsa da jirgin bai kai taku biyu ba. Da Allah bai kiyaye ba, da ɗan mutane zan ɗauka a motata zuwa asibiti, kuma ban san da wane baki zan yi wa mahaifiyarsa bayani ba.

Shi kuwa mutumin, da farko ya rantse cewa bai taɓa komai ba, alhali sarƙar tana hannunsa. Da mutane suka taru sai ya juya magana ya ce ni ne ban iya ribas ba, wai direban kirki ba ya taka birki a gangare. Dattawan wurin suka yi ta ba ni haƙuri suna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta hana a ce wa mai laifi ya yi laifi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, bayan da masunta suka taimaka muka mayar da jirgin kan tirela da gumin goshi, wannan mutumin ya biyo ni har bakin ƙofar mota yana neman kuɗin aikinsa. Na yi makonni ina hayar kwale-kwalen wasu domin in kai ga masuntan da nake sayen kifi a hannunsu a tsallake, wasu daga cikinsu ma suka koma sayar wa wani saboda ba na isa da wuri, shi kuma yana nan a wurin yana ba mutane labarin cewa ban iya tuƙi ba. Na yafe masa saboda Allah, amma ba zan ɓoye maka cewa idan na gan shi raina yana ɓaci ba.

Saboda haka, don girman Allah, kada ka cire ƙugiyar winci da sarƙar goshi sai bayan jirgin ya riga ya shiga ruwa, kuma da hannunka za ka cire su. Idan tirelarka mai katako ce da aka lulluɓe da kafet, jirgin yana kama jikinta idan ta bushe, amma ko ita idan ta jiƙe tana saki, don haka dokar ɗaya ce. Kuma idan za ka saki wincin, ka riƙe hannunsa da ƙarfi kafin ka ɗaga maƙallin, domin idan nauyin jirgi yana kansa hannun yana juyawa da gudun da zai iya karya maka wuyan hannu ko ya fasa maka haɓa, kuma babu wanda zai tuƙa ka gida.

Game da tsoron da kake yi na jirgin ya tafi ya bar ka, maganinsa igiya ce doguwa, wadda ta ninka tsawon jirgin sau biyu ko fiye. Ka ɗaura baki ɗaya a zoben goshin jirgi, ɗaya bakin a sandar winci ta tirela, ka naɗe sauran a hankali a kan goshin yadda za ta warware ba tare da ta sarƙe ba. Idan bayan jirgin ya fara ɗagawa a kan ruwa, sai ka tsaya ka fito, ka cire ƙugiya da sarƙa, ka tura shi da hannu ya sauka, igiyar ce za ta riƙe maka shi. Ni ina tafiya da turken ƙarfe da guduma, ina kafa shi a gaɓa gefe guda tun kafin in fara ribas, domin da zarar jirgin ya sauka in mayar da igiyar kansa in je in fitar da mota hankali kwance. Ka lura da inda iska take fitowa kafin ka zaɓi wurin turken. Da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, kuma jirgin faiba marar kaya ba shi da nauyin da zai yi mata gardama, sai ta juya shi ta buga a jikin tirela ko a dutse. Ka kafa turken ta ɓangaren da iskar take fitowa, yadda igiyar za ta hana ta tura jirgin kan tirelar. Da sassafe ruwa ya fi kwanciya, a farkon damina kuwa idan ka ga hadari ya haɗo daga gabas ka haƙura da fita gaba ɗaya. Idan kuma wata rana igiyar ta kuɓuce, ina roƙonka kada ka faɗa ruwa ka bi shi da iyo, domin iska ta fi ka sauri. Ka nemi masunta su kamo maka da kwale-kwale, ka ba su abin da ya sauwaƙa.

Maganar mota ita ce ta fi tayar mini da hankali a tambayarka, saboda birkin hannu tayoyin baya kawai yake riƙewa, su kuma su ne suke tsaye a inda ya fi santsi, a kan gansakuka da laka. Idan motarka Hilux ce ko makamanciyarta, ka sa ta a 4L, wato giyar ƙarfi mai jan tayoyi huɗu, tun daga sama, domin a haka tayoyin gaba ma suna haɗe da na baya. Idan za ka fito ka ja birkin hannu har ƙarshe, ka kashe injin ka bar ta a giya ta ɗaya, sannan abu na farko da za ka yi da ƙafarka ta taɓa ƙasa shi ne sa waigi a bayan taya. Ni katako na sa kafinta ya yanka mini, na huda shi na ɗaura masa igiya a jikin mota, yadda idan na tashi fita zai biyo ni ba sai na sauka a gangare na ɗauka ba. Ka sauke gilashin gefenka, ka kwance bel ɗin kujera, kada kuma ka bar yaro ko kowa a cikin mota yayin da kake ribas zuwa ruwa. Kada ka taɓa tsayawa a bayan tirela ko tsakaninta da ruwa.

Ita ƙasar bakin dam ma kada ka amince mata da ido. Tun 1974 da aka kammala Tiga ruwa yake hawa yana sauka a kan gaɓar nan kowace shekara yana ajiye laka, kuma idan ya janye samanta yana bushewa kamar ƙanzo alhali ƙarƙashinta taɓo ne da zai haɗiye taya har gindin mota. Ka taka wurin da ƙafarka tukuna, ka shiga ruwan da gora kana caka ƙasa har inda tayoyin tirela za su kai, domin akwai wuraren da ƙasa take yankewa farat ɗaya, akwai kuma kututturan itatuwa a ɓoye. Wurin da ka sauke lafiya a watan jiya ba lallai ne ya karɓe ka yau ba. Idan tayoyin bayan motarka za su shiga ruwa kafin jirgin ya ɗaga, wurin ya cika shimfiɗa, gara ka nemi wani ko ka sa mai walda ya ƙara wa tirelar tsawon wuya.

Ka gama duk shirinka a sama, a wuri mai faɗi, inda babu mai matsa maka. A nan za ka kwance bel ɗin baya, ka ɗaga ƙafar inji, ka zare wayar fitilun tirela, ka sa tankin mai da filafili da anka a ciki, ka kuma toshe ramin zubar da ruwa na baya. Wannan toshiyar ka taɓa ta da hannunka ka tabbatar, domin jirgin da ba a toshe ba ba ya nuna komai sai ka dawo daga ajiye mota ka tarar da ruwa ya kai bakin tanki. Wannan tsayawar tana da wani amfanin kuma, saboda boris ɗin tayoyin tirela yana ɗaukar zafi a tafiya daga Kano, idan kuwa ka tsoma shi a ruwan sanyi nan take sai ya zuƙi ruwa ya lalata giris, watarana taya ta fita a kan titi. Minti 15 sun isa ya huce. Injin kuma kada ka tayar da shi a waje don gwaji, ko na ɗan lokaci ne, domin robar famfon ruwansa tana ƙonewa idan babu ruwa. Ka bari sai ƙafarsa ta nutse, ka ga yana fitar da ruwa ta gefe, sannan ka kwance igiya daga turke.

Idan ribas ɗin ne yake ba ka wuya, ka riƙe sitiyari ta ƙasa, duk inda hannunka ya nufa can bayan tirela zai nufa, kuma da ka ga ta fara karkacewa ka ja gaba ka miƙe ta maimakon ka yi ta kokawa da ita. Ka je filin ƙwallo ranar da babu kowa ka yi ta gwadawa. Masu kallo za su yi ta ɗaga maka murya, wani ya ce dama wani ya ce hagu, kada ka saurari kowa, kuma kada kunya ta sa ka yi sauri. Rigar kariya kuwa ka sa ta tun kafin ka fara ribas, ba sai ka hau jirgi ba, saboda a santsin gangare ake zamewa a bugi kai. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wato NIWA, ta wajabta ta ga masu shiga jirgi, ta kuma hana tafiyar dare, amma kai da kake kai kaɗai buƙatarka gare ta ta wuce maganar doka. Ka ɗaura igiyar kashe inji a hannunka, wato wadda take kashe injin idan ka faɗa ruwa ta fizge, ka sa wayarka a leda, ka kuma faɗa wa iyalinka wurin da za ka sauke da lokacin da za su sa ran dawowarka.

Wajen mayar da jirgi kan tirela, kada ka nutsar da ita da yawa, domin idan bayan jirgin yana yawo a kan ruwa ba zai zauna daidai a tsakiya ba. Ka bar rolar baya ta ɗan nutse kawai, ka jawo goshin da igiya ka maƙala ƙugiya, winci ya yi sauran aikin, ka sa sarƙa kafin ka motsa motar ko da taku ɗaya ne. Ka sanar da mu ko tirelarka mai rola ce ko mai katako, da tsawon jirgin, da kuma dam ɗin da kake zuwa, domin idan Tiga ne ko Challawa zan iya kwatanta maka wuraren da ƙasarsu take da ƙarfi a wannan lokacin na shekara. Allah ya tsare ka, ya kuma ba yaron naka sa'ar karatu.