Tambaya da Amsa: Yaushe Itacen Cesnat Ke Zubar da 'Ya'ya, Kuma Zai Yi a Ƙasar Kano?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin makaranta ne mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi a birnin Kano, kuma ina da gona mai ɗan faɗi a wajen Tudun Wada. Ɗana da ke karatu a Amurka ya ba ni labarin cewa manoma da mafarautan can suna dasa wani itace da ake kira cesnat domin namun daji su riƙa zuwa cin 'ya'yansa. Ina neman bayanin lokacin da yake zubar da 'ya'ya, da yadda ake shuka shi, da kuma ko zai yi a gonata, domin na taso na ga fakara da zabin daji da kurege a wannan wuri, yanzu kuwa sai a shekara ban ji kukan fakara ba.

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba Malam. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan niyya, domin ba kowa ne yake tuna haƙƙin tsuntsaye da dabbobin dawa ba idan ana maganar gona.

Cesnat, wanda Larabawa ke kira kastana, itace ne na ƙasashen sanyi, kuma manyan nau'o'insa huɗu ne: na Amurka, na Turai, na Sin da na Japan. Yakan yi fure a watannin Yuni da Yuli, sannan ya zubar da 'ya'ya daga Satumba zuwa Oktoba, wasu irin ma har su kai farkon Nuwamba. 'Ya'yan suna girma ne a cikin wani ƙunshi mai ƙaya ta ko'ina, kamar bushiya ta dunƙule, idan suka ƙosa sai ƙunshin ya tsage da kansa, ƙwayoyi masu ruwan ƙasa da sheƙi, galibi biyu ko uku, su faɗo ƙasa. Ba a hawa a tsinko su, tsintarsu ake yi a gindin itacen, kuma mai son amfaninsu dole ya yi sammako kullum, in ba haka ba dabbobi su riga shi.

Dalilin da ya sa Amurkawa suke dasa shi domin namun daji a fili yake. Ƙwayar tana da gari da ɗan zaƙi, maiƙonta kaɗan ne, kuma ba ta da baurin da 'ya'yan wasu itatuwan dazukansu suke da shi, don haka barewarsu da talotalon daji da kurege da beyar duk suna rububinta domin su tara ƙiba kafin ƙanƙara ta rufe ƙasa. Bugu da ƙari, tun da furensa yana makara, sanyin ƙarshen hunturu ba ya ƙone shi, saboda haka kusan kowace shekara itacen yana ba da 'ya'ya.

Akwai kuma wani tarihi mai ban tausayi a bayan wannan himma tasu. A da, cesnat na Amurka ya cika dazukan gabashin ƙasar, sai a shekarar 1904 aka gano wata cutar fumfuna a jikin itatuwan gidan namun daji na Bronx da ke birnin New York, wadda ta shigo tare da dashen da aka kawo daga Asiya. Kafin a kai wajajen 1950 cutar ta hallaka itatuwa kimanin biliyan uku zuwa huɗu. Shi ya sa abin da ake dasawa a yau yawanci na Sin ne, wanda ke jure cutar, ko kuma wanda aka haɗa jinsinsa da na Amurka, irin wanda ake kira Dunstan. Wannan tarihi kaɗai ya isa ya sa in roƙe ka kada ka ce wa ɗanka ya cuso iri a jaka ya kawo maka, domin shigo da iri ko dashe daga waje yana bukatar izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, kuma ba don wasa aka kafa wannan doka ba.

Game da shuka, ƙwayar ba ta tsirowa sai ta kwashe wata biyu zuwa uku a cikin danshi da sanyin da bai wuce digiri 1 zuwa 4 ba, kuma idan ta bushe ta mutu. Itacen yana son ƙasa mai ɗan tsami wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, ana barin tazarar mita 10 zuwa 12, kuma ɗaya tilo ba ya haihuwa sai da wani kusa da shi domin barbarar fure. Yakan fara 'ya'ya bayan shekara uku zuwa bakwai.

To, zai yi a Kano? Shawarata ita ce kada ka ɓata kuɗinka da ƙarfinka. Ko da ka tsirar da ƙwayar a firiji, itacen kansa yana bukatar dogon sanyi kowace shekara kafin ya toho ya yi fure, kuma hunturunmu, duk da muna ganin tsananinsa a Disamba da Janairu, bai kai kusa da abin da yake bukata ba. Bayan haka ga zafin Maris da Afrilu mai haura digiri 40, ga rani na wata bakwai ba ɗigon ruwa, ga gara.

Amma manufarka ba cesnat ba ce, dawowar namun daji ce, kuma a nan Allah bai rage mu da komai ba. Abin da ya kamata ka ɗauka daga Amurkawa shi ne dabarar lissafin lokacin zubar 'ya'ya. Su tsananinsu hunturu ne, mu kuwa tsananin dabbobinmu yana zuwa daga tsakiyar rani zuwa bazara, lokacin da an kwashe amfanin gona, ciyawa ta bushe ko an banka mata wuta. Saboda haka ka zaɓi itatuwan da za su riƙa karɓa-karɓa. Ɗinya tana nuna wajen ƙarshen damina. Magarya da kanya suna biyo baya a lokacin sanyi, kuma ba banza Bahaushe ya ce kanya ta nuna biri ya karye ba, ya san irin son da biri yake yi mata. Sai dai ka sani ita kanya akwai namiji akwai mace, don haka ka dasa da yawa, kada ka tsaya a ƙwaya ɗaya. Gawo yana fitar da ganye da fure bayan damina, ƙudan zuma su samu abinci, sannan ya zubar da 'ya'ya a tsakiyar rani, da damina kuma ya kaɗe ganyensa ya bar gero da dawa su sha rana. Ɗorawa tana ƙosawa a Afrilu da Mayu, daga nan kaɗanya ta karɓa da farkon damina. Idan akwai rafi ko fadama a gefen gonar, ka kafa ɓaure, wanda ban san itacen da ya kai shi tara tsuntsaye da jemagu ba.

Kaɗanya ce ta fi kama da cesnat a ɗabi'a, domin ita ma da kanta take zubowa a tsince ta a ƙasa, kuma ƙwallonta ba ya jure bushewa, sai a shuka shi cikin 'yan kwanaki bayan faɗowarsa. Tana ɗaukar shekara 15 zuwa 20 kafin ta haihu, don haka ita ta jikoki ce, magarya kuwa cikin shekara uku ko huɗu za ka ga 'ya'yanta. Irin gawo da kalwar ɗorawa suna da taurin ɓawo, sai a ɗan kankare gefensu ko a jiƙa su a ruwan zafi su kwana kafin a shuka.

Ka yi dashe a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli idan ruwa ya zauna, ka kewaye kowane dashe da ƙaya ko kwando saboda awaki, ka ba shi ruwa a rani biyu na farko. Kafin ma ka sayi dashe, ka zaga gonar ka duba kututturan da ke tohowa duk shekara ana sassabe su. Ka zaɓi reshe biyu ko uku mafiya ƙarfi a kowane kututture, ka sare sauran, domin saiwarsu ta riga ta yi nisa a ƙasa, sun fi sabon dashe saurin girma. Da wannan hanya, wadda ake kira sassaben zamani, manoman Maraɗi da Damagaram suka dawo da miliyoyin itatuwa tun daga shekarun 1980. Fakara da zabin daji kuma a ƙasa suke ƙwai, saboda haka ka bar musu kusurwa guda ta ciyawa da sabara wadda ba a nomewa ba a ƙonewa, ka ajiye kaskon ruwa a inuwa, ka kuma yi magana da mai unguwa da maƙwabtan gona kan farauta, tare da sanin cewa biri da kurege za su taɓa gyaɗa da masara.

TAMBAYA: 'Yata tana aure a Ingila, ta ce 'ya'yanta suna tsinto wasu ƙwayoyi masu sheƙi a gindin itatuwan bakin titi, ana kiransu cesnat. Ana cin su? Daga wata uwa a unguwar Fagge.

AMSA: Hajiya, ki gaya mata ta hana su ci. Yawancin na bakin titi da wuraren shaƙatawa a Ingila wani itace ne daban da ake kira cesnat na doki, kuma ƙwayarsa tana da guba mai sa amai da ciwon ciki. Ƙunshinsa kore ne mai kauri, ƙayoyinsa gajeru ne jefi-jefi, galibi ƙwaya ɗaya ce mulmulalliya a ciki. Wanda ake ci ƙayarsa sirara ce a cunkushe, ƙwayarsa kuma tana da gefe ɗaya shafaffe da ɗan tsini a kai. Idan tana son yaran su ɗanɗana, ta saya a kanti, ta tsaga bayan kowace ƙwaya da wuƙa kafin ta gasa, domin wadda ba a tsaga ba takan fashe a wuta.