Dajin Cikin Tabarau Da Ciwon Damuwa: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, da gaske ne kallon daji ko bakin teku a na'urar VR, wannan tabarau da ake ɗaurawa a fuska, yana kwantar da hankali?

Amsa: Yana kwantarwa, amma na ɗan lokaci. Tun a 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya gano a wani asibiti a Amurka cewa cikin waɗanda aka yi wa tiyatar matsarmama, masu hangen bishiyoyi ta taga sun riga masu kallon bango samun sallama, kuma ba su sha maganin zafi mai ƙarfi kamarsu ba. Na'urar ta fi amfanar wanda ke kwance, ko dattijon da fita ta gagare shi.

Tambaya: Da na saka sai jiri da tashin zuciya.

Amsa: Idonka na cewa tafiya kake, kunnen ciki kuma na cewa a zaune kake. Cire ta nan take, kada ka daure. Idan jirin ya kwana, je asibiti.

Tambaya: Zan iya saka wa ɗana mai shekara 6?

Amsa: A'a, Hajiya. Kamfanin Meta, mai ƙera irin wannan tabarau, ma bai amince wa yaro ɗan ƙasa da shekara 10 ba. Mai farfaɗiya kuwa, babba ko yaro, sai ya tambayi likitansa.

Tambaya: Ƙanina na da ciwon damuwa. Abokansa sun ce ya bar ƙwayoyin asibiti, tabarau ya ishe shi. Ya bari, yanzu kwana yake a cikin tabarau, ba ya magana da kowa.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan tambayar ta tayar min da hankali. Abokan nan wa ya ba su izinin dakatar da maganin mutum? Na gaji da ganin wannan ganganci.

Natsuwar da yake ji a cikin tabarau gaskiya ce: numfashi kan lafa, tunani kan kau daga abin da ke cinsa. Da ya cire, cutar na nan tana jiransa. Maganin damuwa kan ɗauki makonni kafin ya fara aiki, shi ya sa mutane ke zaton ba ya yi. Barinsa kwatsam kuma na iya jawo jiri, rashin barci, saurin fushi, sannan ciwon ya dawo, wani lokaci fiye da da.

Abin da ya fi damuna shi ne kaɗaicin. Ciwon damuwa dama janye mutum yake daga jama'a, ga shi kuma ya samu inda zai ɓuya, ga barci ya lalace.

Kada ku ƙwace na'urar da faɗa. Ku zauna da shi cikin lallashi, ku mayar da shi wurin likitansa a wannan makon, kuma kada ya koma shan maganin da kansa sai likita ya duba shi. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Idan ya ce eh, kada a bar shi shi kaɗai, ku tafi asibiti yau ɗin nan.

Tambaya: Na'urar tana maye gurbin fita waje?

Amsa: Ba ta yi. Wani bincike na 2019 a Ingila, kan mutum kusan 20,000, ya danganta minti 120 a mako cikin bishiyoyi ko bakin ruwa da ƙarin lafiya da walwala. In ƙafa na tafiya, a fita. In ƙuncin rai ya wuce mako 2, a ga likita.