Amsa: Da gaske Manny Pacquiao ya taɓa zama sanata?

Malam, ka tambaya ko ɗan damben nan na Filifin sanata ne na gaske ko kuwa kirari ne. Da gaske ya taɓa zama sanata, ranka ya daɗe.

Da farko ma kaye ya sha, a zaɓen majalisar wakilai na 2007. A 2010 ya ci kujerar majalisar wakilai daga lardin Sarangani, ya maimaita a 2013, sannan a 2016 ya haye majalisar dattawa da ƙuri'a sama da miliyan 16. Can sanatoci 24 ne kacal, kuma ƙasa baki ɗaya ke zaɓensu, ba jiha-jiha kamar namu ba. To ka ga wanda kowane gida ya san fuskarsa ai da gudu zai wuce.

Aikin dai, ni a ganina, bai kai sunan ba. Tun yana ɗan majalisar wakilai ake masa gorin fashin zama, yana can yana atisaye. Ya goyi bayan dawo da hukuncin kisa, ya bi Duterte, shugaban ƙasar na lokacin, sau da ƙafa, har suka ɓata a 2021 kan zargin rashawa.

A 2022 ya nemi shugabancin ƙasa, ya zo na uku, Marcos ƙarami ya lashe. Ya sake neman sanata a 2025, bai samu ba.