Banki na shirin yin gwanjon gidana a Kubwa, ko akwai tallafin gwamnati?

Wani Alhaji mai sayar da tayil a kasuwar Dei-Dei da ke Abuja ya aiko da tambaya. Ya ci bashi a wani bankin lamunin gidaje ya sayi gida a Kubwa, takardun gidan suna hannun banki a matsayin jingina. Ciniki ya ja baya, wata biyar bai biya ba, yanzu an aiko masa da wasiƙar gwanjo. Wani kuma ya ce masa gwamnati na biya wa irinsu, ya kawo naira dubu 50 a sa sunansa.

Alhaji, Allah ya kawo mafita. Da farko dai, kada ka ba mutumin nan ko kwabo. Labarin da yake talla da shi na Amurka ne. A 2009, bayan rikicin bashin gidaje da ya raba miliyoyin mutane da muhallinsu, gwamnatin Obama ta fito da shirin HAMP, inda take ba bankuna kuɗi don su rage wa mai gida abin da yake biya duk wata. An rufe shi a ƙarshen 2016. A 2021 kuma gwamnatin Amurka ta ware kusan dala biliyan 10 saboda masu gidajen da korona ta durƙusar. Mu a nan gwamnatin tarayya ba ta da wani asusu da ke biya wa mutum bashin gidan da ya maƙale.

Abin da muke da shi shi ne Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda aka kafa a 1992 kuma FMBN, bankin lamunin gidaje na gwamnatin tarayya, ke kula da shi. Ana zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, a samu rance da kuɗin ruwa kashi 6, a biya har cikin shekara 30. Na mallakar gida ne, ba na ceto ba. Amma ka ɗauko takardar da ka sa wa hannu ka duba. In kuɗin NHF ne, ruwanka mai sauƙi ne, tsawaita wa'adi kawai zai iya sauke maka nauyi. In kuɗin bankin ne na kansa, to ruwan ne ke cinye ka, kuma a kansa za ka yi ciniki.

Ciniki na ce, domin kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin cewa mai bin bashi kuɗinsa yake so, ba rigima ba. Sayar da gida a Abuja ba kamar sayar da kwalin tayil ba ne. Sai an nemi amincewar Ministan Abuja, a yi ta safa da marwa a AGIS, ofishin da ke kula da takardun filayen Abuja, wani lokaci a shafe shekaru a kotu. Banki ya san haka. Saboda haka daina ƙin ɗaga wayarsu. Na san kunya ce da fargaba, amma shirun nan shi ke sa su ɗauka ka gudu.

Ka je da kanka cikin makon nan, da littafin cinikin shago, da bayanan asusunka na wata shida, da ɗan abin da ya sawwaƙa a hannu, ko kuɗin wata ɗaya ne. Ka rubuta wasiƙa ka nemi a yafe tarar jinkiri, a mayar da watanni biyar ɗin cikin uwar kuɗi, a ƙara maka shekaru. Kada ka fito sai an buga hatimi a kwafinka. Alkawarin baki na manaja ba ya tsayar da gwanjo. Kuma kada ka yi alkawarin abin da shagon ba zai iya ba don kawai a rabu lafiya.

Akwai abin da ya fi damuna game da kai. Tun 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar bin lambar BVN su cire bashinsu daga asusun mutum a wasu bankunan, in ya sa hannu a kan haka. Ka sa lauya ya duba, kada ka wayi gari an kwashe kuɗin sarin kaya. Jari shi ke biyan gidan, in ya tafi duka biyun sun tafi. Bashin manhajojin waya kuwa, kada ka ko kusance shi.

In kana da ɗakunan baya, ka nemi izinin banki ka sa ɗan haya, kuɗin shekara guda zai toshe rami babba. In ka ga an yi maka ƙari a lissafi, ka kai ƙorafi a rubuce; mako biyu ba amsa, ka wuce sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Babbar Kotun Abuja ma tana da zauren sulhu.

In lissafi ya nuna ba za ta ɗore ba, nemi banki ya ba ka wata uku ko shida ka samo mai saye da kanka. Gwanjo ba ya kawo farashin kirki. Ko su suka sayar, duk abin da ya yi saura bayan bashi da ɗawainiya naka ne, ka nemi lissafinsa a rubuce.