Tambayoyinku kan fasaha: yadda za ka nuna aikin da ka yi cikin bincike a shafinka na ORCID

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan mako yawancinsu daga malaman jami'a ne da ɗaliban manyan digiri, kuma kusan duk a kan batu ɗaya suke, don haka na haɗa su wuri guda.

Tambaya: Malam, mu shida muka yi wani bincike kan lafiyar yara. Ni na yi lissafin alƙaluma, ni kuma na rubuta manhajar da aka tace bayanan da ita, amma sunana ne na biyar a jeri. Da za mu tura wa mujalla sai suka ce mu cike wani abu wai shi CRediT. Mene ne shi, kuma yaya zan yi aikin da na yi ya fito a shafina na ORCID? Daga wani malamin jami'a a Zariya.

Amsa: Dakta, abubuwa biyu ne daban da ke aiki tare, bari in raba maka su.

ORCID lamba ce ta shaidar mai bincike, kamar dai yadda NIN ke bambanta ka da mai suna irin naka. Tana da alƙaluma 16 a rukuni huɗu, wani lokaci na ƙarshen ya zama harafin X. Ƙungiya ce da ba ta neman riba ta ƙaddamar da ita a watan Oktoba na 2012, kuma rajista kyauta ce ga kowa. Shi kuwa CRediT jeri ne na ayyuka 14 da ake yi wajen samar da takardar bincike, an ba kowane aiki suna da ma'ana tsayayya. Maganarsa ta faro ne daga wani taro da aka yi a Jami'ar Harvard ta Amurka a 2012 tare da gidauniyar Wellcome ta Ingila, a 2022 kuma hukumar NISO ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin harkar bayanai da wallafa, ta mai da shi ƙa'ida a hukumance. Mujallun PLOS da Cell Press na cikin waɗanda suka fara amfani da shi, daga baya mujallun Elsevier da dama suka bi sahu.

Dalilin ƙirƙiro shi shi ne ainihin abin da ke damunka. Jerin sunaye ba ya faɗin komai game da wanda ya yi me. A wasu fannoni na ƙarshe shi ne shugaban aikin, a lissafi da ilimin tattalin arziki sau da yawa bin haruffan suna ake yi. A 2015 an buga wata takarda a fannin fiziya mai ɗauke da sunayen mutum 5,154. Wanda yake na biyar cikin shida ma ba a san me ya yi ba, balle na dubu uku.

Ayyukan nan 14 sun haɗa da samar da tunanin binciken tun farko, tsara hanyar da za a bi, gudanar da gwaji ko tattara bayanai a fili, adana bayanan da gyara su, nazarin alƙaluma, rubuta manhaja, tabbatar da ingancin sakamako, da zana jadawali da hotuna. Sai nemo kuɗin bincike, samar da kayan aiki, tafiyar da harkokin aikin, da sa ido a matsayin jagora. Rubutu kuma an raba shi biyu: wanda ya yi daftarin farko, da wanda ya duba ya gyara. Mutum ɗaya zai iya ɗaukar ayyuka da yawa, aiki ɗaya kuma mutane da yawa za su iya tarayya a cikinsa. Wasu mujallun har suna ba da damar a nuna ko kai ne jagoran wannan aikin, ko daidai kuka yi da wani, ko taimakawa kawai ka yi. Kai naka a allon su ne "Formal analysis" (nazarin alƙaluma) da "Software" (rubuta manhaja), in kuma kai ka tsabtace bayanan ka adana su, ka ƙara da "Data curation".

Hanya mafi ƙarfi ta sa su a shafinka ita ce ta mujallar kanta. Lokacin tura takarda, idan suka nemi ORCID ɗinka, ka danna alamar nan koriya ta ORCID ka shiga da kalmar sirrinka ka ba su izini, kada ka tsaya ga kwafe lambar da hannu kawai. Mawallafin da ya haɗa tsarinsa da ORCID zai iya aika takardar shafinka, wasunsu har da ayyukan da aka rubuta maka. Amfanin wannan shi ne kowane abu a shafin ORCID yana nuna wanda ya saka shi. Mai dubawa zai ga bambanci tsakanin abin da mawallafi ya shaida da abin da ka faɗa da bakinka.

Idan hakan bai samu ba, ka saka da kanka. Ka shiga orcid.org ta burauzar waya ko kwamfuta, ka sauka zuwa sashen "Works", ka danna "Add". Ka zaɓi sakawa da lambar DOI ta takardar, wato lambar shaida ta dindindin da ake ba takardar da aka buga, don fom ɗin ya cike kansa, ko ka cike da hannu. A ɓangaren "Contributors" za ka zaɓi aikinka daga jerin, in sun fi ɗaya ka ƙara. Kafin ka fita ka duba cewa ka bar takardar a buɗe ga kowa, domin akwai zaɓi uku: kowa, amintattu kawai, ko kai kaɗai. Mutane da yawa suna cike shafi tsaf amma a kulle yake, ba mai gani sai su.

Abin da zan roƙe ka shi ne abin da ka saka a ORCID ya zama daidai da abin da aka buga a jikin takardar. Yawancin mujallun da ke amfani da tsarin suna buga bayanin gudummawar kowa a ƙarshe, kuma duk mai son kwatantawa minti ɗaya ya ishe shi. Akwai masu zaɓar 14 ɗin duka don shafi ya yi kyau. Wannan yana cutar da abokan aikinsu, kuma yana rage darajar nasu ayyukan na gaskiya.

Tambaya: Ina digiri na biyu. Ni na zaga ƙauyuka na yi hira da mata na cike takardun tambayoyi, na shigar da komai cikin kwamfuta. Yanzu za a buga, an ce sunana zai fito a wurin godiya ne kawai. CRediT zai iya ba ni haƙƙina? Daga wata ɗaliba a Kano.

Amsa: Ƙanwata, wannan saƙo naki ya fi sauran taɓa ni, domin irinsa ne ake cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma gaskiya zan faɗa miki: CRediT ba ya yanke hukuncin wanda ya cancanci zama marubuci. Yana bayyana aikin da kowa ya yi ne kawai. Cancantar shiga jerin marubuta ƙa'idar mujallar ce ke faɗa.

A fannin lafiya, mujallu da yawa suna bin ƙa'idar kwamitin editoci na duniya da ake kira ICMJE, mai sharuɗɗa huɗu da dole a cika su duka: gudummawa mai nauyi wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, sa hannu a rubutun ko duba shi da gyara mai ma'ana, amincewa da kwafin ƙarshe, da yarda da ɗaukar alhakin abin da aka buga. Kin cika na farko. Wannan ƙa'idar kuma ta ce duk wanda ya cika sharaɗin farko ya kamata a ba shi damar shiga cikin rubutu da duba shi, kada a hana shi sannan a ce bai cancanta ba. Ta kuma ce nemo kuɗi kaɗai, ko shugabancin sashe kaɗai, ba ya mai da mutum marubuci.

Shawarata, ki buga jerin ayyukan nan 14 a takarda, ki sami malaminki cikin ladabi a lokacin da yake da sarari, ki nuna masa "Investigation" (tattara bayanai a fili) da "Data curation" (adana bayanan da gyara su), ki ce kina neman a ba ki daftarin ki duba ki ba da taki gudummawar. Neman damar yin aiki ya fi sauƙin karɓuwa fiye da neman suna. Kada ki saka takardar a ORCID ɗinki a matsayin marubuciya alhali sunanki ba ya jikinta, zai koma kanki. Idan za a ajiye bayanan da kika tattara a rumbu irin Zenodo, wanda ke ba da lambar DOI kyauta, ki nemi a sa sunanki cikin waɗanda suka samar da su, matuƙar izinin ɗa'ar binciken ya yarda a fitar da su. Wannan aiki ne mai zaman kansa da za ki iya sakawa a shafinki.

Ga malamai masu duba ɗalibai kuma, don Allah a riƙa zama da wannan jeri tun ranar da aka fara bincike, a rubuta wa kowa nasa. Rigimar suna yawanci ranar turawa take tashi, lokacin da kowa ya riga ya manta wahalar ɗan uwansa.

Tambaya: Takardata ta shigo shafina da kanta, an rubuta Crossref ne ya saka ta, amma ba ayyukana a ciki, kuma ta ƙi gyaruwa. Daga wani likita a Jos.

Amsa: Haka tsarin yake, Likita. Crossref ƙungiya ce da ke yi wa takardun mujallu rajistar lambar DOI. Wanda ya saka abu shi kaɗai ke iya gyara shi. Ka sake saka takardar da kanka da DOI ɗin nan dai, ka zaɓi ayyukanka. Tunda lambar ɗaya ce, ORCID zai haɗa su wuri guda, sai ka zaɓi wadda kake so ta fito a sama. Kada ka goge ta Crossref, ita ce shaidarka.

Tambaya: Ina da ORCID biyu, na manta na taɓa yi. Sunana kuma a wasu takardu Mahamadou ne, a wasu Muhammadu. Daga wani malami a Maraɗi.

Amsa: Malam, ka shiga wanda kake son riƙewa, ka je saitin asusu, akwai wurin cire maimaitaccen shafi. Zai nemi imel da kalmar sirrin ɗayan. Abin da ke cikin wanda za ka cire zai goge, don haka ka fara kwashe takardunka da ayyukan da ka rubuta a can. Tsohuwar lambar za ta riƙa kai mutane ga sabuwar. Rubutun sunan kuma ka jera su duka a wurin sauran sunayen da aka san ka da su. Shafin yana da Faransanci da Larabci in sun fi maka sauƙi. Ka ƙara imel na kanka bayan na jami'a, saboda ranar da ka canza wurin aiki na jami'ar zai rufe. Idan wani ne ke taya ka cikewa, kada ka ba shi kalmar sirrinka, ka saka shi a matsayin amintaccen mutum daga cikin saitin, ya shiga da nasa asusun, ka cire shi in ya gama.