Kun Tambaya: Me ya sa ake harbin jan kyarkeci alhali ya kusa ƙarewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kalli wani shirin namun daji, aka ce jan kyarkeci na Amurka ya kusa ƙarewa, kuma wai mutane ne ke kashe shi. Dabbobinsu yake cinyewa ne, ko mugunta ce kawai? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Na ga tunaninki ya tafi kan kura da makiyayi, to ba nan gizo ke saƙa ba. Jan kyarkeci bai cika taɓa dabbar gida ba, abincinsa barewa ne da zomo da ƙananan namun dawa.

Da can yana ko'ina a kudu maso gabashin Amurka. Tarko da guba da sare dazuzzuka suka cinye shi, har a 1980 aka bayyana cewa babu sauransa a daji. Allah ya taimaka kafin nan an kamo ragowar a gaɓar Teksas da Luwiziyana, aka yi kiwon guda 14 don su hayayyafa. A 1987 aka saki maza huɗu da mata huɗu a gandun dajin Alligator River, a jihar Karolina ta Arewa. Suka yaɗu har suka haura 100, amma zuwa 2020 sun dawo ƙasa da 20.

Babban abin da ya ci su shi ne bindiga. Akwai wata dabba a can, koyoti, kamar dilanmu amma ta fi shi girma, kuma doka ta yarda a yi farautarta. Matashin kyarkeci da koyoti, in kin hango su daga nesa a bakin gona da magariba, sai gwani ne zai bambance. A 2012 jihar ta ba da izinin harbin koyoti da dare da fitila, kyarketai suka shiga cikin waɗanda ake kashewa, sai da kotu ta taka wa abin birki a 2014. Shi ya sa yanzu ake ɗaura musu abin wuya mai ruwan lemo, don maharbi ya gani ya sauke bindiga.

Ni dai ban yarda duka kuskure ba ne. Wasu masu filaye suna ganin gwamnatin tarayya ce ta kawo dabbar, ta shigo musu gona, sannan aka ce kada su taɓa ta. Mafarauta kuma suna zarginta da rage musu barewa. Haushin gwamnati ne ake hucewa a kan dabba, an bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ɓarnar harsashi ɗaya. Jan kyarkeci mace ɗaya yake riƙewa, su zauna tare da 'ya'yansu. Lokacin farautar barewa kuwa yana zuwa ne gab da lokacin barbararsu. In aka harbe namiji, gidan ya watse. Macen ta duba babu ɗan jinsinta kusa, sai ta bi koyoti, ta haifi ruwa biyu, jinin ya narke. Don haka ma'aikatan gandun suke kama koyoti su yi masa aikin hana haihuwa, su mayar da shi ya tsare wurin har kyarkeci ya zo ya karɓe. Daga 2019 zuwa 2021 ba a ga an haifi ko ɗaya a daji ba, sai a 2022 aka samu guda 6.

Sai kuma mota. Babbar hanya mai lamba 64 ta ratsa yankin, masu zuwa bakin teku suna sharara gudu a kanta. A watan Yuni na 2024 mota ta buge wani namiji a kan hanyar, 'ya'yansa biyar da ba su daɗe da zuwa duniya ba suka mutu daga baya.