Ba Sardauna ne ya yi Tafawa Balewa ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na ga tambayar da ƙanenmu ya jefo ɗazu da rana, wai shin gaskiya ne Abubakar Tafawa Balewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, yaron Sardauna Ahmadu Bello ne kawai, Sardauna ne ya ɗauko shi ya tura shi Ikko ya riƙe masa kujera. Na kuma ga waɗanda suka yi caraf suka ce e, haka ne. To abin ya fi ƙarfin rubutu, shi ya sa na ɗauki murya. Ku yi haƙuri ku saurara.

Kai ɗana, na gane abin da kake nufi. Ba tarihin ne ya dame ka ba. So kake a tabbatar maka cewa a ƙasar nan ba a taɓa yin wanda ya zama wani abu ba sai da ubangida, tun daga na farkon ma. To ni ba zan tabbatar maka da wannan ba, don ba haka aka yi ba.

Ku duba shekaru kawai. Malam Abubakar ya shiga Majalisar Arewa a 1946, a 1947 kuma yana Majalisar Dokoki ta Ikko yana magana da yawun Arewa. Sardauna fa? Sai 1949 ya shiga majalisar Kaduna, bayan rasuwar Wazirin Sakkwato Abbas. Wato lokacin da Sardauna ya iso, ya tarar da mutumin nan ya riga ya yi suna, Turawa sun san shi, 'yan Kudu sun san muryarsa. To ta yaya wanda ya zo daga baya zai zama shi ya ɗauko na gaba? A Kwalejin Katsina ne Sardauna ya riga shi, shi ya shiga 1926, Malam Abubakar 1928. Wannan kam haka ne, yayansa ne a makaranta. Amma a siyasa, a'a.

Kuma ku tuna wane ne shi. An haife shi a 1912, mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala Bagere ne, mahaifiyarsa Fatima Inna. Ba jikan Shehu ba ne, ba ɗan sarkin Bauchi ba ne, ba ya jiran gadon kowa. Tafawa Balewar ma sunan garinsu ne, yadda 'yan makarantar wancan zamani suke ɗaukar sunan gari, kamar Aminu Kano, kamar Shehu Shagari. Ya gama Katsina a 1933, ya dawo Midil ta Bauchi yana koyarwa, har ya zama hedimasta. Alli da allo, shi ke nan jarinsa. A 1945 aka tura shi Landan ya yi kwas na aikin malanta, ya dawo 1946. A Bauchin nan ne kuma suke zaman tattaunawa da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, ana kawo maganar En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, ana kawo maganar haraji, har abin ya fara damun masu mulki. Mutane sun manta cewa su ukun nan gari ɗaya suka zauna, tabarma ɗaya. Daga baya ne hanya ta rabu.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, don duk wanda bai san wannan ba bai san mutumin ba. Watan Agusta 1950. A watan nan aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, ran 8 ga wata, kowa ya san wannan. Amma a cikin watan nan dai, a Kaduna, cikin majalisa, Malam Abubakar ya miƙe ya kawo ƙudurin cewa a kafa kwamiti mai zaman kansa ya binciki tsarin En'e gaba ɗaya, a gyara shi. Ku yaran yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba. A lokacin sarki shi ne En'e, shi kaɗai. Kotun alƙali a hannunsa, 'yan doka nasa, gidan yari nasa, baitulmali a ƙarƙashinsa, hakimi da dagaci shi ke naɗawa shi ke tuɓewa, Razdan, Baturen mulkin lardi, na bayansa. Malamin makaranta ma albashinsa daga En'e yake fitowa. Kuma yawancin waɗanda ke zaune a majalisar nan ma'aikatan En'e ne, waziri ne, madaki ne, ma'aji ne, ɗan sarki ne. A gabansu ɗan talaka ya tashi ya ce wannan tsari na sarki shi kaɗai ba zai ɗore ba, talaka ba shi da bakin magana, cin hanci ya yi yawa, kuma in ba a gyara da hannu ba ranar da za a yi nadama tana zuwa. Ba a bakin kasuwa ya faɗa ba inda za a yi masa tafi, a cikin ɗakinsu ya faɗa, da ladabi, da hujja, ba zagi. Kuma ƙudurin ya wuce. Daga nan aka yi bincike, aka soke matsayin sarki mai iko shi kaɗai, ya koma sarki da majalisarsa, har aka zo ga dokar En'e ta 1954.

To ku gaya mini, wane ubangida ne ya aike shi ya yi wannan? Wa zai aiki yaronsa ya je ya taɓa rawanin sarakuna? Ai da hankalin neman ubangida yake yi, shiru zai yi ya ci albashinsa. Ni wannan rana ta 1950 ta fi mini ranar da ya karɓi takardun 'yanci girma, wallahi. Ranar 'yanci kowa na bayansa. Ran nan kuwa kansa ya sa a gaba.

Kuma abin da ke ƙona mini rai ke nan. Na yi shekaru ina koyarwa, na taɓa tsayawa a aji na tambayi yara manya, 'yan babbar sakandare, wane ne a jikin naira biyar. Wasu suka san sunan, amma da na ce me ya yi, ajin ya yi tsit. Ba laifinsu ba ne. An ɗauke darasin tarihi daga makarantun ƙasa shekara da shekaru, mu muna kuka ba mai jin mu. Na taɓa roƙon shugaban wata makaranta ya ba ni ko da darasi ɗaya ne a mako in riƙa ba yara labarin mutanen nan, ya ce ba ya cikin manhaja, ba a jarrabawa a kai. Yau ga sakamakon. Sai a yanko bidiyonsa na Amurka na 1961, lokacin Kennedy, a yi ta yawo da shi ana cewa ku ji Turanci, ku ji murya. Muryar ce kawai ta rage muku? Me ya faɗa da muryar? Malamin makaranta ne fa ya riƙe ƙasar nan, malamin makaranta, amma yau malami ya yi wata uku... to bar wannan, in na shiga nan ba za mu fita ba.

Mu koma Ikko. A 1952 ya zama ministan ayyuka, a 1954 ministan sufuri. Kuma kada a ɓoye, da farko shi kansa bai yarda da Nijeriya ɗaya ba. A majalisa ya taɓa cewa haɗin kan nan a takarda kawai yake. Ya ga abin da aka yi wa wakilan Arewa a 1953, da aka yi musu ihu a titin Ikko kan ƙudurin Enahoro na neman mulkin kai. Amma da ya je Amurka a 1955 duba yadda suke sufuri a kan kogi, ya ga mutane iri-iri sun haɗu sun gina ƙasa ɗaya, sai ya dawo da wani tunani. Mutum ne mai canza ra'ayi in ya ga hujja. Da ya zama Firayim Minista a 1957, me ya fara yi? Ya jawo har jam'iyyar Awolowo cikin gwamnati, Akintola ya zama ministansa, don a tunkari 'yanci baki ɗaya. Zaɓen 1959 jam'iyyarsu ta NPC ta ci kujera 134 cikin 312, ba ta isa ta yi mulki ita kaɗai ba, dole aka haɗa da NCNC, jam'iyyar su Azikiwe. Wa zai iya zama da su Azikiwe da su Okotie-Eboh kullum a teburi ɗaya ba a watse ba? Sai mai sanyin hali irinsa. A Janairun 1961 ya kori jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin da suke yi a Sahara. A Maris ɗin shekarar yana cikin waɗanda suka matsa har Afirka ta Kudu ta fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. A 1963 yana Addis Ababa aka kafa ƙungiyar haɗin kan Afirka. Layin dogon da ya ratsa Bauchi da Gombe ya kai Maiduguri a 1964, zamaninsa ne. Dam ɗin Kainji a zamaninsa aka fara.

Yanzu kada wani ya ce na ce Sardauna ba shi da iko a kansa. Ban faɗi haka ba. Abin da na ce shi ne ba shi ya yi shi ba. Iko kam akwai. Daga 1954 Sardauna ne shugaban jam'iyya, Malam Abubakar mataimaki. Kujerun da yake taƙama da su a Ikko daga Arewa suke zuwa, Arewa kuwa a hannun Firimiya Sardauna take da sarakuna. Saboda haka akwai inda ba ya iya motsawa sai ya waiwayi Kaduna, kuma inda abin ya fi fitowa fili shi ne rikicin Yamma. A 1962 ya sa dokar ta-ɓaci a can, ya naɗa Dokta Majekodunmi kantoma, a kan hargitsin da aka yi cikin majalisarsu. A 1963 aka ɗaure Awolowo shekara 10. To sai ga zaɓen Oktoban 1965, aka tafka maguɗi, ana ƙona gidaje, ana zuba wa mutane fetur, wata uku ana kashe-kashe, amma bai sa dokar ta-ɓaci ba, saboda Akintola, Firimiyan Yamma, abokin tafiyar NPC ne a lokacin. Ni mai ƙaunarsa ne, amma a nan ya yi jinkiri, kuma jinkirin ya yi tsada. Wanda ya iya tsayawa gaban sarakuna a 1950 ya kamata ya iya ce wa jam'iyyarsa a'a a 1965. Yana karɓar baƙin shugabanni a Ikko kan maganar Rodeshiya ran 11 da 12 ga Janairun 1966, Ibadan na ci da wuta. Kwana uku bayan nan, ran 15, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa, sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abeokuta, aka kawo shi Bauchi aka binne. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Sardauna da duk waɗanda aka kashe a daren nan.

Saboda haka ɗana, in za ka kama shi da laifi, kama shi a kan Yamma, zan zauna mu yi ta. Amma maganar wai ɗauko shi aka yi, ka je ka nemo mini wanda ya ɗauko shi a 1946 tukuna.